Ragunan da Gaisuwa ta Ɓoye

Idan kana sauri, kada ka bi ta ƙofar gidan yayana Halliru a Dogo Tebo. Shawarar da 'yan unguwar suke ba baƙo ke nan. Ba faɗa gare shi ba, ko kusa. Abin dai shi ne, idan ya kama hannunka ba zai sake shi ba sai ya ji lafiyar matarka da 'ya'yanka da tsohuwarka, da gonarka, da ciwon da ka yi bara wanda kai kanka ka manta da shi. Masu Keke Napep sun san shi sarai, idan ya tsayar da su kashe inji suke yi tun kafin ya buɗe baki. Ni ƙanwarsa ce, sunana Basira, kuma tun ina ƙarama wannan hali nasa yake ba ni haushi, don ni mace ce mai son a faɗi magana a wuce wurin.

Gado ya yi. Kakanmu daga Kano ya zo da fatauci ya zauna a Potiskum, mahaifinmu Alhaji Bakari kuma ya ƙare rayuwarsa yana dillanci a Kasuwar Shanu. Duk ranar Talata zaurenmu cika yake da Fulani, su ci, su kwana, ranar Laraba Baba ya shige musu gaba ya sayar musu da dabbobinsu. Baba bai taɓa yarda a yi maganar dabba kafin a gama maganar mutum ba. An ce ya taɓa juya wa wani attajiri baya saboda ya zo ya dafa bijimi ya tambayi farashi ba sallama. Halliru a gindinsa ya tashi, ya kwashi wannan tarbiyya har ya zarce shi. Da Baba ya rasu, shi ya gaji rumfar da baƙin gaba ɗaya, ya auri Falmata, Babarbariya mai sana'ar turaren wuta, suka yi ta haihuwa, harka tana tafiya.

Shekarun baya kaɗan, wata Laraba ana lodin shanu a tirela, wani bijimi ya tsinke igiya ya matse shi da jikin motar. Ƙugunsa ya karye. Aka yi asibiti, aka yi ɗori, ya yi watanni a kwance, daga ƙarshe ya tashi da sanda. Dillanci kuwa aikin ƙafa ne. Ka bi mai saye, ka koma wajen mai dabba, ka kutsa tsakanin ƙahoni, ka wuni a tsaye cikin rana. Halliru ya gwada komawa, amma kafin azahar sai a ɗauko shi a keke, jikinsa yana rawa. Baƙin Baba suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ban ga laifinsu ba, ko da yake a lokacin na zage su a raina. Wasu har yau idan suka hango shi sai su canza hanya saboda kunya.

Mutum ɗaya ne bai tafi ba, Baffa Jalo. Tsoho ne siriri, rugarsu tana gaba da Danchuwa, aminin Baba ne tun suna samari. Idan suka haɗu da Halliru, to a nemi tabarma, don gaisuwarsu takan cinye shayi ya huce. Wannan ya tambaya, wancan ya amsa da jam, wato lafiya da Fulatanci, su juya, su sake daga farko kamar ba su yi ba. Bayan nan sai Baffa ya ɗaga murya ya tsokani Falmata, kamar yadda Fulani da Barebari suka saba. Ya ce Barebari ba su iya komai ba sai turara gida da hayaƙi, ita kuma daga bayan labule ta ce ai ga Bafulatani ya biyo ƙamshin ya zo cin banza. A gidan nan, idan aka ji wannan faɗan, an san lafiya lau ake.

Falmata ce ta jawo maganar intanet ba da niyya ba. Tana sayar da turarenta ta waya, mata daga Abuja da Kaduna suna aiko mata da saƙo tana tura musu a mota. Halliru yana zaune a ƙofar gida yana kallon ana fita da ƙunshi, sai ya ce idan turare zai iya zuwa Abuja ba tare da mai shi ya taka ko'ina ba, me zai hana rago. Ya je wajen wani mai shagon kwamfuta, Jamaluddeen, ya buɗe masa shago a intanet, suka sa masa suna Rumfar Alhaji Bakari. Kowane rago da shafinsa, da hotonsa, da ɗan bidiyonsa yana tafiya, da lambar wayar Yaya. Jamaluddeen ya koya masa yadda zai riƙa sa sabon rago da kansa ta waya. A saman kowane shafi akwai wani ɗan gurbi da ake kira taken shafi. Ya nuna masa shi, ya ce a nan zai rubuta abin da baƙo zai fara gani kafin ya shigo. Halliru ya gyaɗa kai. A duniyar nan babu wanda zai koya masa abin da ya kamata baƙo ya fara cin karo da shi.

Bana, tun Babbar Sallah tana da nisa, Baffa Jalo ya kawo masa ragunan layya, aka ɗaure su a kangon da ke bayan gidan. 'Ya'yan Baffa ba su so ba. Sun ce a kai su kara, wato kasuwar dabbobi, a ba dillali mai ƙafa, ko a haɗa su da masu lodi zuwa kudu. Tsohon ya ce a'a, a ba ɗan Alhaji Bakari ya gwada abin nan nasa na waya. Amma ya faɗa wa Halliru, cikin lallashi, cewa Larabar ƙarshe kafin Sallah zai zo da mota, abin da ya rage zai kwashe, don ba zai iya hana yaran ba. Halliru ya san abin da hakan ke nufi. Dabbar da ta koma hannun wani dillali, mai ita ma can yake komawa. Idan Baffa ya tafi, babu sauran wanda zai kira Halliru dillali, zai zama gurgun da ke zaune a ƙofar gida yana tare mutane da gaisuwa.

Makonni suka riƙa wucewa, waya shiru. Ni ina Kaduna a gidan mijina, Falmata ce take ba ni labari. Ta ce abinci ya gagare shi. Yakan ce ta kira shi da wayarta don ya tabbatar tasa ba ta lalace ba, ta kira, tasa ta yi ƙara a hannunsa, ya zauna yana kallonta. Safe da yamma yana kangon, yana dogara sanda, yana zuba dusa da harawa, yana shafa bayan ragunan yana yi musu magana. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne Baffa. Da farko idan ya kira sai an yi doguwar gaisuwa kafin ya tambayi ko an samu motsi. Daga baya gaisuwar ta riƙa raguwa. Kiran ƙarshe, ta ce, ko lafiyar yara bai tambaya ba, kuma bai ce a ba shi Babarbariyar nan ya zage ta ba. Da ta faɗa mini haka na gane lamarin ya ɓaci, don na san tsohon.

Yadda na gano matsalar ma abin kunya ne. Wani abokin aikin maigidana ya zo gidanmu yana kukan tsadar rago a Kaduna. Ni kuma da iyayi na ce ai yayana yana sayarwa ta intanet, daga Potiskum kai tsaye, ya duba kawai. Ya zaro waya ya rubuta ragon layya Potiskum a Gugul. Aka jero masa wasu, daga Kano, daga Legas, da labaran jaridu a kan tsadar dabbobi. Ya yi ƙasa, ya sake yin ƙasa, babu Yaya babu dalilinsa. Na karɓi wayar na rubuta sunan shagon sukutum, Rumfar Alhaji Bakari. Sai ga su sun fito a jere, layi bayan layi da shuɗin rubutu, kowanne yana cewa, "Assalamu alaikum wa rahmatullah, barka da zuwa, ina gajiya, yaya..." sai ɗigo uku. Na ƙasa haka, na ƙasansa ma haka. Ko kalmar rago babu a cikinsu.

Baƙon ya yi dariya, ni ma na yi, don muryar Yaya na ji a kunnena ƙarara. Amma yana fita na zauna a kujera na shiga lissafi. Sallah ta matso, Larabar Baffa ta fi ta matsowa.

Na nemi lambar Jamaluddeen na kira shi, na fara da faɗa. Da ya buɗe ya gani sai ya yi salati. Ya rantse bai sake leƙa shagon ba tun da ya miƙa shi. Ya yi mini bayani a hankali, ni kuma na natsu na saurara, abin da ba kasafai nake yi ba. Ya ce taken shafi shi ne layin nan shuɗi da mai nema yake gani kafin ya danna. Da shi da abin da ke cikin shafin Gugul yake gane me ake sayarwa, ya haɗa shi da mai neman abin. Wurin kuma ƙarami ne, kalmomi kaɗan yake ɗauka, sauran a datse. Yaya ya rubuta sunan ragon, amma can a ƙarshe, bayan ya tambayi gajiya da iyali da kasuwa da hanya, inda babu idon da zai kai. Kuma da yake duk shafukan da gaisuwa iri ɗaya suka fara, sai suka zama tamkar shafi guda da aka yi ta maimaitawa. Ya ce gyaran ba wuya, shi ma zai iya yi daga shagonsa. Na ce kada ya kuskura. Na san yayana, idan aka goge masa sallama a bayan idonsa, zai rufe shagon ne gaba ɗaya.

Washegari na hau motar Potiskum. Na same shi ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Haka na daure ya gama tambayata maigida da yara da hanya da wata maƙwabciyata da ya taɓa gani sau ɗaya a duniya. Sannan na zauna kusa da shi na nuna masa abin da mai nema yake gani. Ya duba, ya yi murmushi, ya ce ai ya yi kyau. Na ce ina ragon? Ya ce yana ciki, idan baƙo ya amsa sallama ya shigo zai gan shi. Na maimaita masa duk abin da Jamaluddeen ya ce, na ƙara da nawa. Fuskarsa ta canza.

"Wato so kike in tari mutum da rago a bakin ƙofa, ba sallama ba sannu?"

"Yaya, babu wanda ya iso ƙofar. Ba su ma san da ita ba."

Ya ce wanda ba zai iya jiran gaisuwa ba, ba abokin cinikinsa ba ne. Na ce to ya sayar wa aljanu. Ya ce ni dama tun ina yarinya ba ni da haƙuri, Kaduna kuma ta ƙarasa ni. Na ce na ji, amma ranar Laraba Baffa zai zo da mota, ya tanadi gaisuwar da zai yi wa ragunan ta ban kwana. Wannan ta shige shi, na ga hannunsa ya damƙe sandar. Sannan ya faɗi abin da ke cinsa, murya ƙasa ƙasa, ba ya kallona. Ya ce rumfar Baba tana hannun wani, baƙin Baba sun watse, ƙafar da zai bi sawun Baba da ita ta tafi. Abin da ya rage masa na sana'ar gidanmu shi ne yadda ake karɓar mutum. Idan ya cire wannan ma, to me ya gada? Tausayinsa ya kama ni.

Falmata tana gefe tana daka kayan turare, ba ta sa mana baki ba tun da muka fara. Ta ajiye taɓaryar, ta kira shi da sunan ɗansu na fari.

"Baban Siddiq, lokacin da kake kara, me mai saye yake fara gani, kai ko ragon?"

Ta ci gaba a natse, ta ce ita dai abin da ta sani, mutum daga nesa yake hango dabba a turke, ta yi masa, sannan ya tako ya yi sallama, a gaisa. Alhaji bai taɓa ɓoye bijimi a bayan rumfa ya ce sai an gama gaisuwa za a fito da shi ba. A waya babu turke, babu hange daga nesa, wannan ɗan layin shi ne kawai inda ragon zai tsaya a gan shi, shi kuma ya je ya tsaya a wurin ya kare shi. Tana gama faɗa ta ɗauki taɓaryarta ta ci gaba da daka. Na ji haushin da ba ni na faɗi haka ba.

Bai ce ta yi gaskiya ba, ba ya daga cikin halin mazan gidanmu. Bayan la'asar dai ya ce in ɗauko masa kujera in kai kango, in zo da wayar.

Farkon abin da ya rubuta ya kusa sa ni kuka don takaici. Da aka hana shi gaisuwa sai ya koma kirari irin na dillalai. Babban Balamin Baffa, fari tas mai murɗaɗɗen ƙaho, ya sa masa take wai gagara gasa, sarkin turke, mai sa maƙwabta leƙe. Na kira Jamaluddeen na karanta masa, ya ce babu mai neman rago da zai rubuta gagara gasa a wayarsa. Ya ce Yaya ya tuna abin da mutum yake faɗa idan ya shigo kara yana cigiya, shi zai sa a gaba: mene ne, wane iri ne, daga ina. Sunan shago ya zo a ƙarshe idan wuri ya rage. Ni kuma da zaƙewa na ce to a cika kowanne da ragon layya, rago mai araha, rago, rago, don Gugul ya ji da kyau. Jamaluddeen ya ce wannan ma ɓata abin yake yi, mai karatu zai ɗauka 'yan damfara ne. Yaya ya kalle ni ta gefen ido, ya ji daɗi an gwale ni.

Daga nan ya kama hanya. Ya zauna a gaban kowane rago, ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa, ya rubuta da yatsa ɗaya. Na babban ya zama, "Ragon layya, Balami fari babba mai ƙaho, daga Potiskum." Na kusa da shi, "Ragon Uda mai baƙin gaba da farin baya, Potiskum." Wani ɗan madaidaici na ce ya sa masa babba, ai a hoto ba a ganewa, ya ce ba zai fara ƙarya da tsufansa ba, ya rubuta matsakaici. Babu biyu da suka zo iri ɗaya, don a wajensa babu raguna biyu masu kama da juna. Gaisuwar kuma ya mayar da ita cikin shafin, a ƙarƙashin hoto, cikakkiya, har da ƙari. Abin da ba zan manta ba shi ne yadda yake gogewa. Duk taken da zai share, sai ya karanta sallamar a fili tukuna, a hankali, kamar mai sallamar baƙo, sannan ya danna. Ban yi masa dariya ba.

Da muka gama na rubuta sunan shagon a Gugul don in nuna masa aikinmu. Tsofaffin gaisuwoyin suka fito reras, ko ɗaya bai canza ba. Yaya ya dube ni. Na sake kiran Jamaluddeen, ya ce ai ba nan take ba ne, sai Gugul ya sake zagayowa ya karanta shafukan, zai roƙa ta wajensa a hanzarta, amma ba shi da iko a kan ranar. Zai iya zama gobe, zai iya wuce Sallah. Na so in shaƙe shi ta cikin wayar, alhali ba laifinsa ba ne.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa ganin masu nauyinsu ba. Ni na sa mutum ya cire abin da ya fi ƙauna, kuma ga shi babu abin da ya samu. Da na idar da sallar asuba sai in duba, kafin in karya in duba, ina wanke wanke in goge hannu in duba. Hadari yana haɗuwa yana watsewa, zafi kamar a gasa mutum, ragunan suna ta cin dusa ba ruwansu. Sai wata safiya na ga ɗaya ya canza, na Udan nan. Zuwa yamma wasu suka biyo. Na rubuta ragon Balami Potiskum kamar baƙuwa, na yi ƙasa kaɗan, sai ga shi. Na kai masa da gudu har ina tuntuɓe, ya karɓa ya daɗe yana kallo, ya ce to Allah ya kawo mai rabo.

Waya ta fara motsi, amma ba irin yadda nake fata ba. Wani ya kira ya tambaya ya ce zai sake kira, bai sake ba. Wata Hajiya daga Abuja ta sayi matsakaicin nan, ta ce ta zaɓe shi ne don shi kaɗai ta ga an faɗi girmansa ba a cika baki ba. Wasu suka ce a turo musu ƙarin bidiyo. Yawancin ragunan suna nan a turakunsu har Laraba ta zo.

Da hantsi a-kori-kura ta tsaya a ƙofar kango. Baffa Jalo ya fito, da babban ɗansa a bayansa. Falmata ta shimfiɗa tabarma a inuwa, Baffa bai dube ta ba, bai cire takalmi ba. A tsaye ya miƙa wa Yaya hannu. Ɗan kuwa ko jira bai yi ba, ya wuce ciki ya fara kwance igiyoyi, da babban Balamin ya fara. Yaya yana riƙe da hannun tsohon yana jero gaisuwa, Baffa yana amsawa a gajarce, idonsa a ƙasa. Na gane kunya ce take damunsa, so yake a gama ya tafi. Sun kai kan yaya iyali ke nan sai waya ta yi ƙara a aljihun Yaya.

A sanina, Halliru bai taɓa katse gaisuwa don waya ba. Ranar da na haifi ɗan farina ma sai da aka yi ta kiransa, yana can yana tambayar wani mai gyaran takalmi lafiyar surukarsa. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallonsa. Wayar ta ci gaba da ƙara. Na ga gumi yana bin gefen fuskarsa. Sai ya zare hannunsa daga na tsohon.

"Baffa, ka gafarce ni."

Ya ɗauka. Wayar a buɗe take, duk muna ji. Wani Bahaushe ne daga Fatakwal, bai yi sallama ba, bai ce sannu ba.

"Balamin nan fari babba, yana nan?"

Yaya ya dubi ragon. Ɗan Baffa ya riga ya jawo shi har bakin mota. Ya dubi Baffa. Tsohon ya ɗan tsaya, sannan ya yi wa ɗansa nuni da haɓa ya mayar da shi turke.

"Yana nan," in ji Yaya.

Aka yi ciniki a tsaye, aka daidaita a kan motar da za ta kai shi. Sai da suka gama Yaya ya tambayi mutumin sunansa, da garinsu na asali, da yadda ya baro iyali, mutumin yana amsawa cikin mamaki.

Na ɗauka shi ke nan an tsira, ashe a'a. Baffa ya ce a bar Balamin da waɗanda aka nemi bidiyonsu, sauran a loda. Sallah ta ƙarato, kasuwa tana ci a ranar, kuma shi ba yaro ba ne da zai bar dukiyarsa a kan kira ɗaya. Yaya bai roƙe shi ba. Ya dogara sanda yana kallo ana cusa ragunan da ya yi makonni yana ciyarwa, har kangon ya zama fili, sai turaku da kashin dabbobi. Ni na shige bayan ƙofa don hawaye sun cika mini ido, kuma ba na so ɗan Baffa ya gani. A raina na ce mun makara, ga shi kuma a banza ya yanke gaisuwar aminin Baba a gaban mutane.

Na ji motar ta tashi ta tafi. Da na leƙo sai na ga Baffa Jalo bai shiga ba. Ya cire takalmansa, ya zauna a tabarmar, ya jingine sandarsa a bango. Ya miƙo hannu sama har sai da Yaya ya lallaɓa ya zauna ya kama.

"A kan iyali muka tsaya," in ji shi.

Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ya tambayi ƙugun, ko yana tashi idan hadari ya haɗu. Ya tambaye ni, da maigidana, da mutanen Kaduna. Ya ɗaga murya ya ce wai Babarbariyar gidan nan ta mutu ne, ko shayin ma hayaƙi za a ba shi. Falmata ta amsa daga ciki cewa Bafulatanin da ya zo a tsaye kamar mai karɓar haraji ba shi da shayi a wajenta, tana faɗa tana hura wuta. Can tsakiyar gaisuwar tsohon ya nuna aljihun Yaya da baki.

"Abin nan naka, yana ɗaukar bijimi?"

Yaya ya ce za a zo kan wannan, tukuna yaya ruwa a wajensu, an samu na shuka kuwa.